Ranar da Shehinmu Ya Rufe Littafi Ya Ce a Kira Kafinta

Da sunan Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Zan fara da neman afuwa, domin wani ɓangare na wannan labari ya kuɓuce mini. Na manta shekarar, na manta ko lokacin zafi ne ko na sanyi, har littafin da muke karantawa a ranar na laluba a kaina na rasa. Shekaru sun ja, kuma na zauna a garuruwa da yawa, har wani lokaci ƙofar wannan masallaci takan shige mini cikin ta wancan. Amma abin da zan rubuta da idona na gan shi, kuma ina da hannu a cikin laifinsa, mutum kuwa bai cika manta irin wannan ba.

Shehinmu, malami mai aiki da iliminsa, mai tsantseni, mai gudun duniya, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da hadisi, amma in ka gan shi yana jera takalman mutane a bakin ƙofa sai ka ɗauka mai shara ne. Masallacinsa ɗaki ne mai faɗi a ƙasan wani dogon bene, tsakanin kantin magani da shagon kafinta. A tsallaken titi akwai wani masallacin, ba gaba muke yi da su ba, amma ba ma shiga nasu, ba sa shiga namu.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba Mai-agogo, gyaran agogo ne sana'arsa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a nesa, shi kaɗai yake zaune a hawa na huɗu a bene na gaba da namu. Shekara ashirin da wani abu shi yake ɗaure agogon bangon masallaci duk Juma'a, da ɗan makullinsa da yake ratayawa a wuya. Sai Shehi ya tafi wani gari aikin ido. A bayansa kwamiti ya sayo agogon lantarki mai nuna lokutan salla da kansa, aka sauke tsohon aka jingine shi bayan ƙofa wurin tsintsiya, ba wanda ya tuna ya gaya wa Baba. Ranar Juma'a ya zo da makullinsa ya tsaya yana kallon bango. Mai kantin magani, wanda shi ne shugaban kwamiti, mutumin kirki amma mai saurin baki, ya ce, "Baba, ai an yi maka ritaya. Wannan sabon ba ya tari, ba ya neman a lallashe shi." Aka yi dariya. Baba ya mayar da makulli cikin riga ya ce, "To, Allah Ya ba ku alherinsa."

Daga ranar ba mu ƙara ganinsa ba. Bayan kwana biyu ana hira a bakin ƙofa, sai na ce na ga kamar shi yana shiga masallacin tsallake. Kafin magariba maganar ta zama ya koma can. Kafinta ya ce, "Ku ƙyale shi, limaminsu dogayen surori yake ja, gwiwarsa ce za ta dawo mana da shi." Wani ya ce a kira shi a waya, mai kantin magani ya ce in aka kira shi sai ya zaci an yi masa laifi. Haka muka bar shi kwana tara.

Shehi, Allah Ya haskaka makwancinsa, ya dawo ran na tara da hantsi, idanunsa duka biyu a naɗe da bandeji. Ni na ɗauko shi daga tasha, ni na zauna da shi har la'asar, kuma ina shaidawa ba wanda ya yi masa zancen agogo ko na Baba, domin kowa kunya yake ji. Bayan salla ya ce ba za a fasa karatu ba, in ja baƙi shi ya fassara. Ban kai layi uku ba sai ya ɗora hannunsa a kan littafin ya rufe shi.

Ya ce, "A kira mini kafinta, ya zo da abin ɓalle ƙofa. Wani ya ɗauko ruwa da ƙyalle mai tsabta. Mai magani, ka tada motarka."

Muka kalli juna. Ya ce, "Mai-agogo yana kiranmu tun shekaranjiya."

Mai kantin magani ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ya koma tsallake."

"Wa ya gan shi?"

Sai na ce, "Ni ne na ga kamar shi."

Ya ce, "Kama da wane ba ta wane. Ba ni kafaɗarka."

Haka muka hau hawa huɗu, yana dafe da ni, yana hutawa a kowane hawa, yana ta tasbihi. Muka ƙwanƙwasa, shiru. Maƙwabciyar Baba ta leƙo da yaro a goye ta ce ita dai kwana biyu ba ta ji ko motsin buta ba, ta ɗauka ya tafi wurin 'yarsa. Kafinta ya riƙe ƙarfensa yana jinkiri, ya ce, "Malam, in ba ya ciki fa, wa zai amsa wa mai gidan?" Shehi ya ce, "Ni. Bismillah."

Kafinta ya ɓalle ƙofar. Baba yana kwance a ƙasa tsakanin gado da teburin aikinsa, rabin jikinsa a kan darduma, leɓɓansa sun tsage, idanunsa a buɗe suna kallon ƙofa. Wayarsa tana kan teburin cikin ƙananan sukurori, taku biyu daga hannunsa. Na yi saurin kai masa kofi baki, Shehi ya ce, "Kada ya sha, jiƙa masa leɓe kawai," alhali ba ya ganin abin da nake yi. Ya durƙusa ya lalubo kan Baba ya ɗora a cinyarsa yana karanta masa addu'a a hankali, mai kantin magani kuwa ya tsaya yana kuka kamar yaro har sai da kafinta ya ce, "Alhaji, kama ƙafa, kukan ya jira mu a mota."

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, da an ƙara kwana ɗaya da gawa za a ɗauko, kuma tun faɗuwarsa harshensa ya ɗauke, ko nishi mai ƙarfi ba zai iya ba. Na tambayi Shehi yadda ya ji kiran wanda ba shi da murya. Ya ce, "Allah ne Ya ji. Mu da aka ba ƙafa, me ya hana mu hawa?" Daga nan ya sa ƙa'ida: duk wanda aka rasa a sahu kwana uku, mutum biyu su je ƙofarsa, ko da fushi ya yi, ko da ya zage su. Allah Ya saka wa Shehinmu da Aljanna mafi ɗaukaka, Ya amfane mu da albarkarsa, Ya yafe mini abin da harshena ya jawo.

Baba ya rayu shekara huɗu bayan haka, maganarsa ta dawo kaɗan-kaɗan. Ban iya tambayarsa ko ya taɓa komawa tsallake ba, sai na tsallaka titi na tambayi ladanin can, ya ce Baba bai taɓa sa ƙafa a masallacinsu ba. Maƙwabciyar kuma ta tabbatar mini cewa duk kwanakin nan kafin ya faɗi, da ladaninmu ya tada iƙama takan ji ya buɗe taga, yana bin sallarmu ta lasifika daga ɗakinsa.