Baƙon da Ummusalama ta kira fatur

'Yan uwa, sallama gare ku. Wani abu ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, ko girki nake sai ya faɗo mini. Bari in fara ba ku labarin, tambayata tana ƙarshe.

Akwai wata baiwar Allah a nan Gadarif, sunanta Ummusalama. Tana aiki a wani kamfanin sayen riɗi kusa da kasuwar hatsi, ita ke shigar da nauyin buhunan manoma a kwamfuta. Mace ce mai buɗaɗɗen hannu. In ma'aikata suka zagaye tasar ful, wato dafaffen wake, lokacin fatur, abincin hantsi, ba wanda zai gifta ta ƙofa ba ta ce masa "tafaddal", wato bismillah, ba.

Akwai kuma Razan, yarinyar da yaƙi ya koro daga Khartum ita da mahaifiyarta. Ita ke kula da kwamfutocin kamfanin, da wannan aikin take riƙe da uwar.

Razan ta roƙi mudir Abuelgasim, shugaban kamfanin, ya bar ta ta riƙa yi wa ma'aikata 'yar tunatarwa lokacin fatur. Ba allo, ba takarda, ana ci tana magana. Yau ta ce kada a ba kowa lambar da ta shigo waya. Gobe ta ce kada a yarda baƙo ya jona komai a kwamfutar ofis.

Ummusalama kan yi dariya ta ce, "'Yata, ki bari mu ci ful da zafinsa. Ɓarawon da zai shigo ta cikin waya ai sai ya rame tukuna."

A kwashe da dariya. Ita kuwa ta ɗauki shayinta ta koma bakin ƙofa.

Ana tsakiyar kakar riɗi, sai ga wani dattijo da farar jallabiya da rawani. Ya ce daga Doka yake, lorinsa yake jira. Ummusalama ta kira shi, ya wanke hannu ya zauna, ya ci, ya sa albarka.

Da aka watse, ya matso teburinta da ɗan filash, abin ajiye bayanan kwamfuta, a hannu.

"Hajja, takardar lorina ce a ciki. Ki taimaka ki buga mini, wayata ta mutu."

Ta tuna Razan ta taɓa faɗin wani abu mai kama da haka. Amma mutumin da yanzun nan kuka sa hannu a tasa ɗaya, da wane baki za ka ce masa a'a? Ta karɓa ta jona. Ba abin da ya buɗe. Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, na ba ki wahala," ya karɓi abinsa ya fita.

Ba a yi mako ba, kwamfutocin ofishin duka suka kulle, ashe cutar kwamfuta ce a cikin filash ɗin. Lorori suka yi layi har titi. Manoman Doka da Hawata suna tsaye a rana, an rasa sanin buhun wane da na wane.

Abuelgasim ya dubi Razan a gaban kowa ya ce, "Kullum kina cika mana kunne a kan abinci, ga shi ta ƙofarki aka shigo. Ki gyara abin da za ki iya, ranar Alhamis ki ajiye makulli."

Razan ta bi teburi teburi tana tambaya. Da ta iso wurin Ummusalama ta rage murya, ta kira ta khalti, wato inna.

"Khalti, ba faɗa zan yi ba. Akwai wanda ya jona wani abu a nan?"

"Babu, 'yata."

Ƙaryar nan ta hana Ummusalama sakat. Ta ga Razan tana aiki ba ci ba sha, in uwarta ta kira sai ta ce mata komai lafiya. Ummusalama ta yi ta ce wa kanta gobe zan faɗa, goben ba ta zuwa.

Ranar Alhamis aka ajiye tasa. Razan ta ce tana da magana ta ƙarshe.

"Kowa na iya kuskure, ni ma ina yi. In ya faru, ku faɗa wa wanda zai zo bayana nan take. Da an gaya mini a ranar, kwamfuta ɗaya zan cire daga layi, sauran su tsira."

Lomar da ke hannun Ummusalama ta ƙi kaiwa baki. Ta mayar da ita gefen tasa.

"Mudir, ni ce. Baƙon nan mai rawani, ni na jona masa. Yarinyar nan ta tambaye ni, na yi mata ƙarya."

Abuelgasim ya ce wa Razan ta riƙe makullinta. Ummusalama kuwa aka ɗauke ta daga kwamfuta, aka mayar da ita bakin sito, cikin ƙurar riɗi.

Razan ba ta taɓa yi mata gori ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Yanzu in ana tunatarwa, ita ke zama a gaba. Baƙo in ya zo tana nan tana kiransa, sai dai takan ƙara da cewa, "Abinci tafaddal, kwamfuta kuwa ba tawa ba ce."

Darasi: Karrama baƙo da abin da yake naka, ba da amanar da aka ba ka ba. In kuma ka yi kuskure, faɗe shi da wuri, kafin marar laifi ya ɗauki kayanka. Ku tura wa 'yan uwa masu aikin ofis, ko Allah zai sa wani ya tsira.

Ga tambayata. 'Yata ta samu aiki a wani ofis, farkon wata za ta fara. Ni ce tun tana ƙarama na raine ta a kan ba a ce wa babba a'a, ba a mayar da baƙo hannu wofi. Yanzu tsoro nake ji kada tarbiyyata ce za ta jefa ta a irin wannan. Iyaye mata, ku ba ni shawara, ta yaya zan gaya mata ba tare da na rushe abin da na gina ba?