Igiyar Sallau Mai Toka

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don na san halinku, ina faɗa za ku bar labarin ku koma gardamar ko garinku ne ko na maƙwabta. Sunansa Sallau. Gyaran takalma yake yi a bakin tasha, amma ba da wannan aka san shi ba. Sallau mai toka ake ce masa.

Ku saurara. Kai mai farar hula a can baya, ajiye wayar nan. An riga an ci ku jiya a ƙwallo, duba ta sau ɗari ba zai rama muku ba.

Garin nan yana da ƙungiyar ƙwallo, Guguwa sunanta. Filinsu ba ciyawa, ba katanga, fili ne dai fetal a bayan makarantar firamare. Duk ranar wasa Sallau zai bi gidan burodi da wajen masu tuyar ƙosai ya tara toka a buhu, ya tankaɗe ta, ya zo ya ja layukan fili da ita. Turakun ragar na ƙarfe ne, a zaurensa suke zama saboda masu sayen tsofaffin ƙarafa, sai ranar wasa ya ɗauko su a baro ya kafa. Yana da wata igiya mai ƙulli biyu. Daga wannan ƙulli zuwa wancan, shi ne faɗin raga yadda dokar wasa ta ce. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa cewa ga goro. Har alƙalan wasa suka daina aunawa da kansu. Alƙali zai zo ya ce, “Baba, daidai?” Sallau ya ce, “Daidai.” Shi ke nan, a busa usur.

To, sai wata shekara ta zo wa Guguwa da baya. Jama'a, ba rashin sa'a kaɗai ba ne, har da rashin iyawa. Ɗan wasan gabansu, ga shi ga raga ba kowa, sai ya ɗaga ƙwallo ta faɗa garken awakin mai unguwa. Masu tsaron baya su tsaya suna ɗaga hannu suna kallon alƙali, ana wuce su. A je waje a ci su, a dawo gida a ci su. Aka kori mai horarwa, aka kawo wani, aka kore shi, aka dawo da na farkon. Wasu ma, Allah ya shirye su, har layu suka binne a bakin raga. Sallau ya tono su da safe ya ce, “Ba laya yaran nan ke buƙata ba, gudu suke buƙata.”

Kada ku ɗauka shi abin bai dame shi ba. Ya fi kowa jin zafi. Ranar da aka ci su uku a gida, ya koma ya zauna a tsakar gida ya tasa tuwo a gaba har ya huce. Matarsa Kande ta ce, “Malam, yaran nan suna can suna shan shayi suna dariya, kai kana nan kana azumin da ba lada.” Ya ce, “Kande, na rantse ba zan ƙara taka filin nan ba.” Asabar na zagayowa ya ɗauki buhunsa ya nufi gidan burodi.

Haka aka lallaɓa har wasan ƙarshe. Lissafin a fili yake, yaro ma ya sani. In aka tashi canjaras, Guguwa ta tsira. In aka ci ta, ta faɗa rukuni na ƙasa, inda ba mai zuwa kallo sai wanda hanya ta biyo da shi.

Ranar da hantsi, Sallau yana durƙushe yana haƙa ramin turke, sai ga Haladu mai faci, shugaban magoya baya. Shi ne mai babbar ganga, shi ne mai cewa jininsa ma Guguwa ne. Ya tsuguna ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo irin ta mai buƙata.

Ya ce, “Baba Sallau, taƙi ɗaya muke roƙo.”

Sallau ya ce, “Taƙin me?”

“Na raga. Ka matso da turken nan taƙi ɗaya, ka je can ma ka matso da shi taƙi ɗaya. Duka ragogin biyu, ka ga ba a cuci kowa ba. Mu canjaras muke nema, baƙin da za mu kara da su ne ke neman ci. In raga ta tsuke, mu ta yi wa rana.”

Kun ji dabara ko? Ai haka mugun abu yake zuwa, da hula da babbar riga, yana ce maka ba a cuci kowa ba.

Kuma kada in yi muku ƙarya in ce Sallau ya daka masa tsawa nan take. A'a. Ya ɗauki igiyar, ya naɗe taƙi ɗaya a bayan ƙulli, ya miƙa ta a ƙasa ya duba. Wallahi ido ba zai gane ba. Ya tuna shekara goma sha tara na jan toka, ya tuna cewa gobe i yanzu ana iya cewa Guguwa ta faɗi.

Sai ya ce, “Haladu, anjima alƙali zai zo ya ce mini, Baba, daidai? Me zan ce masa?”

“Ka ce daidai mana, kamar kullum.”

“To ai a nan matsalar take. Mutumin nan ya bar awonsa a gida saboda bakina. Baƙin nan kuma tun asuba suke cikin mota, su ma suna da masu jiran labari a garinsu. Ba zan iya ba.”

Ya warware igiyar, ya ja ta har ƙulli, ya kafa turke inda yake kafa shi kullum. Haladu ya miƙe yana karkaɗe wando ya ce, “Baba, in aka ci mu yau, kai ka ci mu.”

La'asar ta yi, fili ya cika maƙil, har kan bishiyoyi. Alƙali ya zo ya ce, “Baba, daidai?” Sallau ya ce, “Daidai.” Aka fara. Kuma abin haushi, ranar yaran suka tuna suna da ƙafa. Suka tare, suka kare, aka tafi hutu ba ci, aka dawo ba ci. Saura minti uku a tashi, wani ɗan siririn yaro cikin baƙin ya buga wata ƙwallo daga nesa, ba ƙarfi ba komai. Ta gogi cikin turke ta gangara raga. Ba taƙi ba, yatsa huɗu ma da aka matso da turken nan da waje za ta yi.

Sallau yana tsaye a bayan ragar, da idonsa ya gani.

Kafin alƙali ya busa tashi, Haladu ya gama baza maganar cewa Sallau ya ƙi matso da turke. Aka yi kan tsohon nan. Wani ya ce baƙi sun saye shi. Wani ya ce dama munafuki ne. Wani mara kunya ya ɗauki ragowar buhun toka ya juye masa a ka. Mutumin da a haife ya haife su, ko ya yi jika da su. Ya tsaya har fili ya watse, ya cire turakunsa ya ɗora a baro ya tura gida, toka har cikin gemu, hawaye na bi ta ciki. Kande ta kawo ruwa ta ce, “Malam, da ka ɗan matsa musu.” Ya ce, “Ni ma zuciyata abin da take ta gaya mini ke nan. Zuba ruwan.” Watanni ba mai kawo masa ko silifas ya ɗinke a tasha, gara su tsallaka titi su kai wa wani.

To, ina masu cewa jininsu Guguwa ne? Kakar wasa ta zagayo, aka neme su aka rasa. Duk sun koma gidan kallo, suna ta hayaniya a kan ƙungiyoyin garuruwan da ko sunansu ba su iya faɗa daidai ba. Haladu ya jingine ganga har fatarta ta tsage. Wasan farko a rukuni na ƙasa, mutum bakwai ne a bakin fili. Amma layukan nan fari tas, a miƙe, kamar za a buga wasan kofi. Sallau yana gefe yana ta faɗa da yaran, “Ku ba da ƙwallo mana, ta gadon gidanku ce?”

Na ga kuna jira in ce Guguwa ta farfaɗo ta ci kofi, aka ɗaga Sallau a kafaɗa. Ba ta ci ba. Shekara huɗu tana ƙasa, yana jan toka, har Allah ya karɓi abinsa wata safiya cikin bazara, bai ga dawowarta ba.

Da aka yi masa wanka, aka nemi wanda zai gwada tsawonsa da kara ya kai wa masu haƙa kabari, kamar yadda muke yi. Haladu ne a kusa da ƙofa, aka miƙa masa. Ya gwada, ya karya karan daidai, ya tafi maƙabarta. Ƙasa ta yi tauri, marmara ce, rana kuma ta take. Masu haƙa suka yi ta sara har suka gaji. Sai ɗayansu ya ɗora karan a bakin ramin, ya ga saura kaɗan, ya ce, “Malam Haladu, a bar shi haka mana. Taƙi ɗaya ne, in an ɗan lanƙwasa ƙafa zai shiga.”

Waɗanda ke wurin sun ce Haladu ya daɗe yana kallon karan nan. Sai ya tuɓe riga, ya karɓi diga, ya shiga ramin. Ya ce, “Wannan mutumin ba za a rage masa ko yatsa ɗaya ba.” Yana sara yana kuka har karan ya kwanta daidai.

Jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Son abu ba shi ne ka yi ha'inci dominsa ba, kuma ba shi ne ka gudu ranar da ya faɗi ba. Haladu ya yi duka biyun yana kiran kansa masoyi. Sallau bai yi ko ɗaya ba, aka kira shi maci amana. Ku da kuka cika mini masallaci da tsaki yau saboda an ci ku, ku yi fushinku, ba wanda ya hana, amma ku bar zagin iyayen mutane, kuma ranar wasa ku koma fili. Kai mai awon hatsi da ka buga gindin mudu ya lotsa, kai tela mai rage ƙyalle, kai magini mai rage siminti kana cewa ido ba zai gane ba, akwai wanda ya bar awonsa a gida saboda ya yarda da bakinka. In ya ce maka “daidai?”, ka san abin da za ka amsa. Kowannenmu akwai karan da za a gwada shi da shi, kuma ranar ba mai matsa maka turke. Allah ya sa a same mu daidai. Ku tashi a ta da iƙama.