Tela Zakka da Kwamfutar da Ta Yi Nauyi

Akwai wani tela a wani gari, sunansa Zakka. Yana da wa guda ɗaya, Istifanus, wanda aiki ya kai can kudu, tafiyar yini guda a mota. Da mahaifinsu ya rasu, maganganu marasa daɗi suka shiga tsakaninsu a zaman makoki, har suka shekara biyu ba mai kiran wani.

Istifanus ne ya fara saukowa. Shi ba mai yawan magana ba ne, don haka bai ce komai a kan abin da ya wuce ba. Sai ya aiko wa ƙanensa kwamfutar cinya, da wasan ƙwallon ƙafa a cikinta, irin wanda mutum biyu za su buga ta intanet ko suna nesa da juna. Ya ce, "Kowace Asabar, ƙarfe huɗu na yamma." Suna wasa suna tsokanar juna, a hankali har suka koma tambayar lafiyar iyali. Zakka kuwa ya san sulhun nan bai yi ƙwari ba tukuna, yana tsoron duk abin da zai taɓa shi.

Bayan wata shida sai kwamfutar ta fara nauyi. Ɗan wasa zai ɗauko ƙwallo da gudu, sai ya tsaya cak kamar an riƙe masa riga, kafin hoton ya motsa an riga an zura wa Zakka ƙwallo a raga. Mako na gaba abin ya ƙaru. Zakka ya ji kunyar faɗa wa wansa cewa kyautar da ya yi masa ta fara lalacewa a hannunsa, sai ya riƙa cewa sabis ne ba shi da kyau. A mako na uku wasan ya maƙale sau huɗu, dole suka bari.

Istifanus ya ce masa a waya, "In ka gaji da wasan, ka faɗa mini kawai. Ba sai ka ɗora wa sabis laifi ba."

"Yaya, ba haka ba ne."

"To," in ji Istifanus, ya kashe wayar.

Wannan "to" ɗin ta hana Zakka sakat. Yana kan keken ɗinki amma hankalinsa na gida, har ya ɗinka wa rigar wata mata hannu a baibai. Ya canza layin waya, bai ga bambanci ba. Ya ɗora kwamfutar a kan bulo biyu ya juya mata fanka, ko zafi ne ke damunta. Tana nan yadda take. Wani maƙwabcinsa ya ce ai cika ta yi, a rage mata kaya. Zakka ya zauna ya goge waƙoƙi, ya goge hotunan ɗinkunan da yake nuna wa masu kawo aiki. Sai ya iso kan abin da ya fi kowanne cin wuri: bidiyon mahaifinsu a ranar godiyar kaka ta ƙarshe da ya gani, ɗauke da damin dawa a ka, yana waƙa yana shiga majami'a. Zakka ya daɗe yana kallon allon. Ya ce a ransa, ai Yaya yana da nasa. Ya goge.

Ya buɗe wasan. 'Yan wasan suka ci gaba da cijewa kamar dā.

Ran Juma'a, da ya ga Asabar ta zo masa wuya, ya ɗauki kwamfutar ya tafi shagon Maman Godiya, wata mai gyaran kwamfuta da suke majami'a ɗaya. Ta saurare shi har ya gama, sa'an nan ta ce, "Malam Zakka, ina cajarta?"

"Na bar ta a gida, Mama. Ita lafiyarta ƙalau, ana sa ta fitila ke kamawa."

"Je ka kawo ta."

Da ya kawo, ta sa tabarau ta karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Ta ce, "Ba wannan ce ta zo da kwamfutar ba."

"Ta asalin ɓera ya cinye wayarta. Na sayi wannan a bakin tasha, na ga bakinsu ɗaya."

"Yaushe?"

Zakka ya yi lissafi. Kwana uku ne kafin nauyin ya fara.

Maman Godiya ta ce, "Bakinsu ɗaya, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Wannan rabin wutar da kwamfutarka ke bukata take bayarwa. In rubutu kake yi, ba za ka gane ba. Wasa kuwa yana jan wuta sosai, in kwamfuta ta ga wutar ba ta isarta, sai ta rage gudu da kanta." Ta jona mata caja irin tata ta asali, ta buɗe wasan. 'Yan wasa suka ruga a guje, ba mai tsayawa.

Zakka ya yi dariya har da tafa hannu. Can sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Mama, abin da aka goge fa?"

Ta yi iya ƙoƙarinta har rana ta yi sanyi. Wasu hotuna suka dawo. Bidiyon bai dawo ba.

A ƙofar shagon ya kira wansa, ya faɗa masa komai, tun daga ɓera har bidiyon. Ya ce, "Yaya, kana da naka, ko?"

Istifanus ya ce, "Wayar da nawa yake ciki ta ɓace bayan na aiko maka da kwamfutar. Dā ma na sa shi a kwamfutarka ne don ya zauna a gida."  Daga baya Istifanus ya ce, "Da ka faɗa mini tun farko, da caja kawai zan tambaye ka. Je ka gida, Zakka. Ka gaishe da yara, gobe za mu yi magana."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Kwamfutar ita ce rayuwar mai bi, cajar kuwa ita ce wurin da muke samun ƙarfi. Da yawa cikinmu mun bar zama a gaban Ubangiji da addu'a da jin Maganarsa, mun jona kanmu ga yabon mutane, ko wayonmu, ko yawan hidimar da muke yi a majami'a. Fitila tana kamawa, gama ana ganinmu kowace Lahadi, muna waƙa, muna gaisawa. Sai ranar da ciwo ko rashi ko jarraba ta zo, mu ga ƙafafunmu sun ƙi tafiya.

Abin tsoron shi ne abin da muke yi sa'ad da muka ji nauyin. Maimakon mu bincika inda muke jone, sai mu fara zubar da abubuwa masu daraja, muna tsammani su ne kayan da suka danne mu. Wani ya daina addu'ar safe da iyalinsa, wai ba lokaci. Wata ta daina ziyarar uwarta. Muna kuma ɓoye damuwarmu ga ɗan'uwan da zai iya nuna mana matsalar da tambaya ɗaya. Ubangiji mai jinƙai ne, yana maido da ƙarfi ga duk wanda ya komo gare shi. Amma wani abin da muka zubar da hannunmu cikin firgita ba zai dawo ba a duniyar nan.

Saboda haka, in kana jin nauyi a wannan mako, kada ka zubar da komai tukuna. Ka durƙusa a gaban Ubangiji, sa'an nan ka tashi ka nemi ɗan'uwa guda ka faɗa masa gaskiya, tun yau.