Kwanon Tasalla da Bukkar Bayan Gari

An ce a wani gari na bakin fadama an yi dagaci mai suna Barmo, mutumin kirki, sai dai yana tsoron bakin jama'a fiye da tsoron kura. Yana da jika, Tasalla, wadda yake tsokana da "uwargida". Ciwo ya fara mata daga baki har tuwo ya gagare ta, sannan ƙuraje masu ruwa suka feso mata, suna fashewa fata na saluɓewa. Dattawa suka ce agana ce ta dawo, a kai ta bukka bayan gari yadda kakanni suka saba. Barmo ya ware mata kwano da tabarma, ya hana kowa taɓa ta. Saura bukka kawai.

Yana zaune gindin tsamiya rai a jagule, sai shamuwar da ke sheƙa a kanta kowace damina ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin a saro karan bukkar nan, ji labarin wani masaƙi."

Ta ce a birnin da take yada zango akwai masaƙi Ɗantani, wanda ɗansa ya kamu da irin wannan ciwo. Shi ma bukka ya kai shi, ana tura masa fura da doguwar sanda. Sai da yaron ya ƙanjame, miki ya fara wari, aka kwashe shi zuwa asibiti. Likita ta ce sunan ciwon femfigus, ba kasafai yake kama yara ba. Ɗantani ya tambaye ta wa ya shafa wa ɗansa, sai ta ba shi labarin wani makiyayi.

"Makiyayin nan yana da kare mai gadin garke. Rannan karen ya rikice, ya daina gane tumakin gida, ya shiga cizonsu. Makiyayi ya ga jini ya ce kura ce, ya yi ta ƙara shinge, alhali mai ɓarnar yana ciki. Malam, haka garkuwar jikin ɗanka ta juya wa fatarsa. Ba a ɗauka, ba a shafawa. Da kun zo da wuri, da magani ya lallashe ta."

Shamuwa ta ce yaron bai kai girbi ba. "Mutuwa dai ta kowa ce, ranka ya daɗe. Abin da ke cin Ɗantani har yau, sandar nan ce."

Kunya da nadama suka rufe Barmo. Ya ce, "Na ji, shamuwa." Ya aika a nemo motar zuwa asibiti, ya shiga ɗakin da aka keɓe yarinyar, ya miƙa mata hannu.

Tasalla ta ja da baya har ta manne da bango. A hankali, saboda ciwon bakinta, ta ce, "Kaka, ai kai ka ce kada a taɓa ni."

Barmo ya zauna a kan tabarmarta, ya jawo kwanon da ya ware mata, ya kurɓi sauran kunun da ya gagare ta.