Carbin Sallau a Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Ku gyara zama, yau na kawo muku wadda za ta hana masu digirin cikinku sakat.

Akwai wani kurma mai ɗinkin hula, sunansa Sallau, da matarsa Lantana. Shekara talatin suna hira da hannu, har da faɗa da hannu, sai cutar yanar ido ta rufe mata ido biyu. Ita tana iya yi masa magana ya gani, shi kuwa in ya ɗaga hannu sai dai ya yi wa iska. Abin da ya rage masa shi ne ya kama tafin hannunta ya matsa sau uku, wato ga ni nan.

Aka kai ta wani babban birni a ƙasar waje don a yi mata aiki. Aka kwantar da ita a asibiti, shi kuma ya sauka a masaukin Hausawa masu jinya. Jirgin garin a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya kamar gafiya. Sallau ba ya karanta rubutunsu, ba ya jin lasifika, sai ya yi dabara: duk inda jirgi ya tsaya ya ja ƙwayar carbi ɗaya. A ta bakwai ya sauka, ga asibiti. Kwana biyar bai kuskure ba, har ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa.

Ranar aikin da safe aka rufe tasha ta huɗu don gyara. An faɗa a lasifika, ba a rubuta ko'ina ba. Jirgi ya wuce ta bai tsaya ba. Sallau ya ja bakwai ɗinsa cif, ya hau sama, ya ga kasuwar kifi. Ya koma ƙasa yana nuna wa mutane ido, yana nuna zuciya, wato matarsa mai ciwon ido, kowa na kaucewa. Daga ƙarshe ya zauna bayan wani ginshiƙi ya ƙura wa carbin ido.

Can asibiti Lantana ta ce ba mai taɓa ta sai mijinta ya matsa mata hannu. Likita ya ce zai jira zuwa azahar, in ta wuce sai bayan wata uku, ga takardar zamansu saura mako guda.

Labari ya iso masauki cewa Sallau bai isa asibiti ba. Akwai wani makaho a nan, Malam Ɓarau, wanda ya shiga jirgi da sassafe ya ji sanarwar da kunnensa. Ya kuma sha zama kusa da Sallau yana jin ƙas-ƙas ɗin carbi a kowace tsayawa. Kowa na cewa a je wajen 'yan sanda, shi kuwa ya ce, "Ku bar wahalar da kanku. Mutumin nan bai ɓata ba, lissafinsa daidai ne, jirgi ne ya ci masa ɗaya. Ku neme shi tasha guda gaba da asibiti." Ba don shi ba, da har yau ana zagaya gari.

Sai Gambo, mai keken guragu, ya ce a bar masa sauran. Shi duk ma'aikatan tasha sun san shi, don kullum sai ya yi rigima da su kan na'urar hawa da sauka. Ya murza kekensa har ofishinsu na tashar da Malam Ɓarau ya faɗa. Babbansu ya jawo lasifika zai kira sunan Sallau, Gambo ya riƙe masa hannu ya ce, "Yallaɓai, kurma za ka kira da wannan? Kashe fitilu ka kunna, sau uku." Aka yi. Duk tashar kowa ya ɗaga kai sama, mutum ɗaya ne ya miƙe daga bayan ginshiƙi yana waige-waigen mai kiransa, don kuwa haka ake kiran kurma a gida. Kyamara ta nuna shi. Ba don Gambo ba, da ana ta ihu a kan wanda ba ya ji.

Amma na'urar sauka ta lalace ran nan, Gambo bai iya zuwa ƙasa ba. Ma'aikata biyu masu kaki suka nufi Sallau, ya ɗauka kamu ne, ya rungume benci da hannu da ƙafa. Azahar na matsowa. Sai wata mai shara a tashar, Tabawa, 'yar Damagaram, wadda ta tashi da yaya kurma, ta ajiye tsintsiyarta. Ta durƙusa inda zai ga fuskarta, ta gaishe shi da hannu kamar yadda ake gaida babba, ta tambayi wa yake nema. Ya nuna ido, ya nuna zuciya. Ma'aikatan suka gaya mata labarin da Gambo ya kawo, sai ta ce masa da hannu, "Taso, Baba, matarka ta ƙi kowa sai kai." Ya saki benci. Ba don ita ba, da sai an ɓamɓare shi bayan la'asar.

Ya isa ana shirin mayar da Lantana ɗaki. Ya kama hannunta, ta yi murmushi ta ce wa likita, "To, yanzu ku yi aikinku."

Da za a kwance mata bandeji, ta ce bayan fuskar mijinta tana son ganin wanda ya kawo mata shi. Ɗakin kuwa mutum ɗaya ake bari ya shiga bayan miji. Ga Ɓarau da sandarsa, ga Gambo a kekensa, ga Tabawa ta sha sabon ɗankwali, kowa na cewa ɗan'uwansa ya shiga. Sallau ya tsaya a bakin ƙofa yana duban su ɗaya bayan ɗaya.

To, ku da kuke da kunne da ido da ƙafa, hannun wa zai kama ya shiga da shi?