Ranar da Iya Habiba Ta Dame Ruwan Japanawa

Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu, nan bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan ban-ruwa, tsakanin Makwar da Sinnar, ana kiranta Iya Habiba. Bari in faɗa muku tun farko, ita ta haife ni, kuma bara Allah Ya karɓi abinSa. Labarin nan daga bakinta na ji shi. Inda ta tsallake, surukarta ta cike mini.

Tun da mahaifinmu Salih ya rasu, Iya ta kafa sabil a ƙofar gida: randa biyu a gindin darbejiya, da moɗa a rataye. Kullum da safe ita ke wankewa ta cika. Masu dawowa daga gona, masu tsinkar auduga, direbobin raksha mai ƙafa uku, kowa ya tsaya ya sha. Baƙo in ya sha sai ya tambaya, "Sabil ɗin wa ne?" A ce na Salih ne, ya yi masa addu'a ya wuce.

Autanta Ayman, da ya gama jami'a a Madani, ya tafi Japan karatun noman shinkafa. A can ya zauna, a can ya yi aure. Matar sunanta Asako, ta musulunta kafin auren. Da aka gaya wa Iya ma'anar sunan 'yar safiya ce, sai ta ce, "To ai Sabah ke nan, mi za a wahal da bakina?" Sabah safiya ce da Larabci, sunan kuwa ya bi ta. Suka haifi 'ya mace, Hanaa.

Abu ɗaya ne ya hana Sabah jin daɗin duniya. Mahaifinta, wani tsoho mai suna Shigeru, tun ranar auren bai ƙara yi mata magana ba. Ko da uwarta ta mutu ta je, juya mata baya ya yi. Hanaa har ta fara surutu, kakanta bai taɓa ɗaukarta ba.

Wata shekara, kafin yaƙin ƙasarmu ya watsa mutane, Ayman ya aiko wa Iya ta je ta ga jikarta. Ta sauka a tsakiyar sanyinsu. Da ta kira ni a wayar bidiyo ban gane ta ba. An sa mata wata ƙatuwar riga mai kumburi, ita kuma ta naɗa tob ɗinta, wato lafaya, a kai, ta koma kamar buhun auduga.

"Huseina," ta ce da ni, "mutanen ga cikin talaja, firjin ƙanƙara, suke zaune. In na yi magana hayaƙi ke hita bakina, ni da ban taɓa shan taba ba!"

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, suka ɗauke ta yawon ganin tsoffin wuraren bautar ƙasar. Tun a jirgin ƙasa ta kafa sharaɗi.

"Ayman, ni dai ban zo yi wa gunki sujada ba."

"Yumma, kallo kawai za mu yi. Mu ma ba ma yi." Yumma ita ce "Inna" da Larabci.

"To halas, shi ke nan."

A Kyoto ta bi ta cikin wasu jajayen ƙofofi na itace da aka jera kamar ba za su ƙare ba, dusar ƙanƙara ta kwanta a kansu. A Nara suka shiga wani makeken gini, mutane duk sun ɗaga kai suna kallon gunkin da ke ciki, ita kuwa ginshiƙi take ƙwanƙwasawa tana tambaya, "Su gara ba ta cin icensu ne?"

A filin wurin akwai barewa da yawa, sun saba da mutane, har sukan sunkuyar da kai a ba su abinci. Wata ta zo gaban Iya ta sunkuyar. Iya ta ce, "Lahiya lau, lahiya lau. Ina gajiya? Ina gida?" Tana cikin yabon tarbiyyarta, barewar ta cafke bakin tob ta fara tauna.

"Ashe ke ma gaisuwar roƙo ce!" in ji Iya, tana ja barewa tana ja. Hanaa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ayman ne kaɗai ba ya dariya. Muryar Iya ta yi masa ƙarfi, gaishe-gaishenta sun yi masa yawa. Kowane lokaci yana waige-waige ya ga wa ke kallonsu. Kalmarsa ɗaya ce: "Yumma, nan ba Makwar ba ne."

A wuraren nan duka Iya ta lura da wani abu. Kusa da ƙofa akwai kwamin dutse cike da ruwa a ƙarƙashin 'yar rumfa, da moɗaye a jere, mutane na ɗiba suna kai hannu baki. Duk sanda ta nufi wurin sai Ayman ya janye ta da sauri. Ita dai ta riga ta yanke a ranta cewa sabil ne, kuma mutanen da ke ajiye wa mai wucewa ruwa ba za su rasa alheri ba.

Zangon ƙarshe shi ne garinsu Sabah. Akwai wani tsohon wurin bauta a kan tudu, inda mahaifinta ke zuwa shara kowace safiya. Sabah ta ce ba ta son komai, ya dai ga yarinyar, ko bai ce uffan ba. In ya sake juya baya kuwa, ta haƙura har abada.

Ayman ya shirya kamar mai zuwa gaban alƙali. Ya sa kwat, ya sayi tsaraba an naɗe ta da takarda mai kyau, ya haddace kalaman ban girma. Sannan ya juyo kan Iya.

"Yumma, don Allah. Ki tsaya a bayanmu. Kada ki gaishe shi, kada ki taɓa komai, kada ki yi magana."

"Numfashi fa? An yarda?"

"Yumma, da gaske nake."

"Na ji, ya walad."

Da safe suka kama hawan matakalar dutse, tsakanin wasu dogayen itatuwa da ƙanƙara ta lulluɓe. Sabah tana hawa tana tsayawa don tsoro. Ayman na ɗauke da Hanaa yana bitar haddarsa. Iya kuwa, da ta yi shekaru tana hawa gaɓar tur'a da tulu a ka, ba ta ankara ba ta bar su a baya.

Ta isa sama tana haki, maƙogwaro ya bushe. Sai ga kwamin dutse a gabanta, ruwa na ɗiga a ciki, ga moɗaye sababbi fil na icen gora masu dogon mariƙi. Babu Ayman da zai janye ta.

Ta ɗebo. Da yake ba ta shan ruwa a tsaye, ta gyara tob ta zauna a bakin kwamin, ta yi bisimilla, ta kafa baki a moɗar. Sanyin ya ratsa mata haƙora har cikin kunne, amma ta shanye.

Sai ga wani tsoho ya taho da gudu-gudu, da tsintsiya mai dogon icce a hannu, yana kaɗa ɗaya hannun.

"Dame! Dame!"

A harshensu, kalmar nan nufinta "a'a, ba a yi". Iya ina za ta sani? Ta buɗe baki don murna.

"Ikon Allah! Ashe kana jin Hausa? To, a dame."

Ta ga lalle akwai ƙanƙara-ƙanƙara a saman ruwan, ta ce wataƙila so yake a farfasa ta saboda masu zuwa. Ta tsoma moɗar da ta sha da ita, ta shiga juyawa kamar mai dama kunun azumi.

"Dame! Dameee!"

"Ai ina damawa, malam, ka yi haƙuri. Hannun ne ya tsufa."

Daidai nan su Ayman suka iso. Sabah ta tsaya cik. Ayman ya dire Hanaa, ya zo ya fizge moɗar daga hannun uwarsa.

"Yumma, kin kashe mu! Ba na sha ba ne! Kuma wannan shi ne uban Sabah!"

Iya ta dubi hannunta, ta dubi ɗanta. Tun da ta haife shi bai taɓa fizgar abu a hannunta ba. Ta juya wajen tsohon ta durƙusa a kan ƙanƙarar, yadda ake gaida suruki, ta jero gaisuwa: ina kwana, ina sanyi, ina iyali. Ta rufe da tambayar da kowane baƙo ke yi, tana nuna ruwan.

"Sabil ɗin wa ne?"

Ayman ya buɗe baki zai ba da haƙuri, haddar ta gudu. Tsohon ma bai ko dube shi ba. Matar da ke durƙushe yake kallo, wadda ta sha masa ruwa, ta dame shi, yanzu kuma take masa tambaya ido cikin ido. Abin ya fi ƙarfinsa. Ya waiga, ya rasa wanda zai tambaya sai mutum ɗaya.

"Asako," ya ce, "me matar nan take cewa?"

Sabah ta ce da ni, da ta ji sunanta a bakinsa, sai da ta dafa ginshiƙin rumfar. Sannan ta fara yi masa bayanin abin da "dame" ke nufi a Hausa. Tsohon ya dubi ruwan da har yanzu yake juyawa. Ya cije leɓe. Kafaɗunsa suka fara motsi. Sai dariya ta ƙwace masa, har ya jingina da tsintsiya.

Ya ce a gaya mata ruwan na wanke hannu da kurkure baki ne kafin a shiga, kuma a tafin hannu ake zubawa, ba a kafa baki a moɗa.

"Wayyo, ashe wurin wanke-wankensu na ɓata," in ji Iya. "Ce masa ya yafe ni, rashin sani ne. Amma wa ya sassaƙa moɗayen ga? Hannu ne ya yi su, ba inji ba."

Tsohon ya dubi moɗayen. Can ya ce shi ne. Matarsa Fumiko ce ke wanke su tana jerawa sanda tana da rai. Tun da ta mutu, duk ƙarshen shekara yakan sassaƙa sababbi ya kawo.

"To ai sabil ne!" Iya ta ce. "Na san ban yi ɓatan kai ba."

Ta ba shi labarin randunanta da na Salih, Sabah tana fassarawa. Iya ta ce, "Gaya masa addininmu daban, amma ɗakin da mutum ya tashi ya ga babu abokin zamansa, iri ɗaya ne ko'ina. Allah Ya ba shi haƙuri."

Sabah ta kai rabin fassarar kuka ya ci ƙarfinta, don Fumiko uwarta ce. Tsohon ya tsaya yana kallon 'yarsa, bai juya baya ba.

Iya ta miƙe da ƙyar, gwiwoyi sun jiƙe. Ta kamo Hanaa da ke rawar sanyi, ta kai hannu ta zare tsintsiyar daga hannun tsohon kamar a tsakar gidanta take.

"Ga jinin Fumiko nan sanyi na ci, kai kana rungume da tsintsiya. Karɓi!"

Wannan kam ba a jira fassara ba. Ya karɓa. Hanaa ta kama masa hanci, ta ce da shi, "Dame!"

A gidansa suka wuni. Iya ta fito da gyaɗa da dabino daga jakarta, ta dafa masa jabana, wato gahawa, da citta, ya kurɓa ya yi tari ya miƙo kofi a ƙara. Sunansa ya gagare ta, ta mai da shi Malam Shige-ruwa, yana amsawa. Tsarabar Ayman mai takarda kuwa, a kan matakala aka manta ta.

Da za su tafi, Ayman ya zo ya durƙusa gabanta ya sumbaci kanta.

"Yumma, ki yafe ni. Kunyarki na riƙa ji, ni ne abin kunyar."

"Na yafe. Amma ka sake fizge mini abu, ko a gaban sarkin Japan ne sai na ja kunnenka."

Malam Shige-ruwa ya rako su har tasha, Hanaa a kafaɗarsa. A nan ya miƙa wa Iya moɗar da ta sha da ita. Ya ce tun da bakinta ya taɓa, ba za ta koma wurin ba, a kai ta inda ake sha.

Sanda yaƙi ya tashe mu daga gida, Iya ta bar akwatinta ta bar gadonta, amma moɗar na cikin ƙullinta. Da muka dawo, ita ta fara ratayewa.

Yanzu randa uku ce a gindin darbejiya, na ƙara ɗaya bayan rasuwar Iya, ni ke cikawa. Baƙo ya sha da moɗar gora mai dogon mariƙi, ya juya ta yana mamaki, ya tambaya sabil ɗin wa ne. Sai in ce na Salih ne da Habiba. Wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in kasa.

Darasi: Kada ka ji kunyar iyayenka don ka ga duniyar da ba su gani ba. Mai kyakkyawar niyya ko ya yi kuskure, in ya nemi afuwa ya kuma tambayi ciwon ɗan'uwansa, yana iya gyara abin da iya magana ta kasa gyarawa. In kana da wanda ka daina yi wa magana, kira sunansa yau tun yana ji. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, kuma duk wanda ya karanta ya sa Iya Habiba a addu'a.