Kwamfutar Bahago

Akwai wani mai gyaran hoto a Fadaman Mada da ake kira Mansir. Bahago ne, don haka ya juya manhajar gyaran hotonsa gaba ɗaya. Akwatin launuka da ke dama ya dawo da shi hagu, buroshi da magogi ya ɗora su sama, sauran tarkacen da ba ya amfani da su ya ɓoye.

A gefensa matarsa Maimuna ta koyi aikin. Ba ta san sunan ko ɗaya da Turanci ba, hannunta ne kawai ya san wurin kowanne.

Wata shekara Rotimi, mai shagon hoto na tsallaken titi, ya faɗi a babur ya karye a hannun dama. Mansir ya riƙa tsallakawa yana koya masa aiki da hagu. Maimuna ta yi ta mita.

"Mutumin da ke ƙwace mana kwastomomi za ka tayar?"

"Shi ma yara gare shi," in ji Mansir.

Allah Ya yi wa Mansir rasuwa bayan gajeriyar jinya. Maimuna ba ta yi kuka ba. A ba ta abinci ta ci, a yi mata gaisuwa ta amsa, shi ke nan. Dangi suka yanke shawara: in ta fita takaba ta iya riƙe shagon, a bar mata, in ba ta iya ba, a sayar da kayan.

Kafin ta fito, ƙanin marigayin, Yero, ya leƙa shagon. Yero irin mutanen nan ne da ba a gaya musu komai. Ya kalli fuskar kwamfutar ya yi tsaki, ya danna wuri guda, komai ya koma yadda kamfani ya tsara.

Ranar da Maimuna ta dawo, wata mata ta kawo tsohon hoton mahaifiyarta da ruwa ya ɓata. Maimuna ta zauna, hannunta ya tafi inda magogi yake. Babu. Ta nemi launuka. Babu.

"Ai gyara miki na yi, Anti," in ji Yero. "Yaya ya hargitsa komai."

"To mayar."

Ya sosa ƙeya. Bai ma lura da yadda suke ba balle ya mayar.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ba matar haƙuri ta miƙa mata hotonta. Kullum sai ta buɗe shago, ta zauna ta zuba wa kwamfutar ido har la'asar, ta rufe. Yero ya fara kawo masu taya kaya.

Rotimi ya ga ana auna teburi, ya tsallako.

"Maman Madina, lafiya? Za ki sayar?"

"Na kasa aikin. An canza wurin komai."

Ya duba, ya fita. Sai ga shi da tasa kwamfutar a hammata. Yana buɗewa Maimuna ta ga launuka a hagu, buroshi da magogi a sama.

"Oga Mansir ne ya jera min lokacin karaya. Hannu ya warke, amma wallahi ban taɓa canzawa ba."

Ya ja kujera, yana duba tasa yana jan akwatunan tata ɗaya bayan ɗaya zuwa wurarensu. Da ya gama ya adana tsarin, ya nuna mata inda za ta danna in wani ya sake taɓawa. Ya ce kwamfutar na son a sa wa tsarin suna.

"Sa Mansir," ta ce.

Ta matso. Ba tare da ta duba ba hannunta ya tafi, ya sami magogi daidai inda mijinta ya bar shi. A nan ne kukan ya zo mata, ta kifa kai a kan teburin. Yero ya sallami masu tayin da kansa.

Darasi: Kada ka rushe abin da wani ya tsara kafin ka tambayi dalili. Kuma alherin da ka yi wa maƙwabci yana iya dawowa ya riƙe iyalinka ranar da ba ka nan. Tura wa wani ya karanta, ka yi wa naka mamatan addu'a.